Gyare Ɗaya Duk Kwana Biyar

"...Lafiya lau, sai zafi. Ya hanya? Ya mutanen birni? Au, ashe kai ne! Na ji ƙarar babur na fito da sauri, na ɗauka mutumin kirki ne."

"Ni ne dai, Apa. Mutanen kirki ai sun daina biyowa ta layin nan, sun ce akwai wata tsohuwa mai cizo."

Apa Zibash ta kamo kansa da hannu biyu ta sunsuni goshinsa, kamar yadda take yi tun yana cikin zani, sannan ta ture shi. "Ƙura da man babur. Warin dangin ubanka sak."

Nurtas jikanta ne, ɗan 'yarta Aigansha, malamin makaranta a ƙauyen gaba. A wurinmu ɗan 'ya mace ba a dukansa, ba a hana shi abin da ya miƙa wa hannu, amma baki kam a sake yake, a gaya masa ya rama. Mako uku da suka wuce aka tura shi kwas a birnin Astrakhan, sai ya ɗauko abin da ya fi so a duniya ya kawo mata ajiya: akwatin gilashi cike da rairayi da yumɓu, a ciki kuma falanga, gizon nan mai gashi, mai launin ƙasa, mai baki kamar almakashi biyu, wanda kowa ke bi da takalmi in ya gani. Shi ya tono ta bara a bayan gonar kankana. Ya raine ta har ta ƙetare watannin ƙanƙara a hannunsa, abin da ya ce ko masanan abin ba kasafai suke iyawa ba. Ya raɗa mata suna Zibash ƙarama, wai saboda baki da saurin fushi.

To, yau kwana huɗu ke nan Zibash ƙarama ba ta motsa ba. Apa ta leƙa ta jikin gilashi ta hango ta can ƙasan rami, ta yamushe kamar tsohuwar jaka, ga wasu fararen abubuwa zube a gefenta. Nan take ta tuna gargaɗin da ya yi mata sau uku a bakin ƙofa: wannan halitta ba ta san ƙoshi ba, in aka yi ta ba ta ci za ta yi ta yi har cikinta ya fashe. Apa ta ɗauko farin ƙyalle ta lulluɓe akwatin, ta ja ƙofar ɗakin ajiya, kuma tun ranar ko shayi bai yi mata daɗi ba.

"Ina takwarar taki?" Nurtas ya tambaya yana kwance jaka daga bayan babur.

"Ko takalmi ba ka cire ba kana tambayar ƙwaro. Haka uwarka ta koya maka?"

"Ai na gaishe ki."

"Ka tambayi gwiwata? Ka tambayi saniya? Ka tambayi kankanar da hankaki suka farfasa min? Wuce ka wanke hannu, ruwa ya tafasa."

Suka zauna a rumfar tsakar gida. Samowar ɗinta, tulun tagulla na tafasa ruwan shayi, wanda ta gada wurin uwarta, yana ta huci da gawayi a cikinsa. Ta turo masa soyayyen ƙulli, da cuku, da man shanu, da kankana, ta kuma ɗauki kwanon shayi ta ɗiga masa ɗan kaɗan a ƙasa, ta sa madara, ta miƙa.

Nurtas ya leƙa cikin kwanon, ya ɗago ya dube ta.

"Apa, lafiya?"

"Me ka gani?"

"Tun da na yi wayo cika min kwano kike yi fal, wai in shanye in kama hanya. Yau kuma an zuba min na manyan baƙi, kurɓi biyu, don in daɗe ana ƙara min. Wa ya gaya miki na zama mutum?"

"Tausayinka na ji. Dubi wuyanka kamar na zalɓe. Me suke ba ku a birnin, takarda?"

"Da kika ce takarda, ina wadda na rubuta miki dokokin kiwo?"

"Takarda mai kyau ce. Ashana ɗaya ta kama."

"Kin hura samowar da ita?"

"To da me zan yi da ita? Rubutunka kamar kaza ta faɗa tawada. Ban san yadda yaran mutane suke karantawa ba."

"Suna da ido, Apa. Ba su kai shekara ɗari da goma ba."

"Saba'in da tara, ɗan wasu! Kuma har gobe ina zura zare a allura ba tabarau."

"Allurar ɗinkin buhu."

Ta karɓi kwanon za ta ƙara masa, sai bakin buta ya riƙa bugun kwanon ƙas-ƙas-ƙas.

"Hannunki rawa yake yi," ya ce. "Na sha gaya miki. Alhakin marin da kika yi min ina shekara shida ne. Duk wanda ya daki ɗan 'yarsa haka yake ƙarewa."

"Ban mare ka ba. Ƙuda na kore maka."

"Har na faɗi ƙasa?"

"Babban ƙuda ne."

Ya sha na biyu, ya sha na uku, ya sha na biyar. Duk sanda ya ɗora tafin hannu a kan kwano alamar ya ƙoshi, sai ta ture hannun ta ƙara. Ta ba shi labarin bikin da aka yi, da ramin da motar madara ta faɗa, da maƙwabcin da raƙumarsa ta tofa wa yawu a gaban surukansa. Labari ya ƙare mata. Ya fara kallon ƙofar ɗakin ajiya. Zuciyarta ta ce, Zibash, yau ko dai ki yi magana ko ki biya.

"Nurtas."

"Na'am? Yau har da sunana na gaskiya?"

"Ɗauka nawa ta rage maka a gidan nan?"

Duk wanda ya tashi a nan ya san maganar. Ɗan 'ya mace yana da ɗauka uku a gidan kakanninsa na wajen uwa, ya nuna abin da yake so ya tafi da shi, ba mai cewa uffan.

"Ɗaya," ya ce. "Ina shekara bakwai na ɗauki ɗan maraƙi, kika yi wata guda ba kya min magana. Ina sha biyar na ɗauki wuƙar mijinki, marigayi Ata. Ta ukun ina ajiye da ita, don in riƙa ganin yadda kike tare samowar da jikinki in na shigo."

"To ɗauke shi."

"Me?"

"Samowar ɗin. In ya huce ka ɗaura a bayan babur. Har da tiren."

Nurtas ya ajiye kwano a hankali.

"Apa. Me kika yi wa Zibash?"

"Ni? Ni ce ma zan tambaye ka me ka yi mata! Ka kawo min baƙuwa ka ce gyare ɗaya duk kwana biyar. Gyare ɗaya! A gidana! Ko ɓarawon tumaki aka kama a ƙauyen nan sai an ba shi shayi da nama kafin a kira hukuma. Kana so a ce an sauka wurin Zibash an kwana da yunwa? Kuma mai sunana?"

"Me kika ba ta?"

"Abin da ya samu."

"Lissafa min."

"Ranar farko na ba ta gyaren naka. Kafin in juya ta gama da shi, ta tsaya tana kallona, ta ɗaga hannuwan nan nata sama. To in baƙo ya miƙo kwano me ake yi?"

"Ba kwano take miƙowa ba, faɗa take nema!"

"Haka kai ma kake yi, kuma ina ba ka. Na je bayan shinge na kamo fara huɗu."

"Huɗu."

"Da safe. Da yamma buzuzu. Ran Alhamis da na yi suyar sadaka don waɗanda suka rasu, na ga bai kamata ana rabo a tsallake ta ba, na yanka mata kitsen bindin tunkiya ɗan mitsitsi. Ta ƙi. Sai na ba ta ɗan ƙadangare."

"Ƙadangare, Apa!"

"Ƙarami ne. Ko kai ka fi shi nama."

Ta jira ya rama. Bai rama ba. Ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma da yatsa. Ta san yadda ya riƙa tashi cikin sanyi yana duba ɗumin ɗakin da ya ajiye ta, ta san yadda yake kai ta aji yana nuna wa yara cewa ba ta da dafi, ba ta bin mutum, inuwarsa kawai take nema. Muryarta ta sauka.

"Ta yi ƙiba, ta yi kyau, har sheƙi take yi. Sai ta shiga tono, ta shige rami, ta toshe bakin. Na ajiye mata fara, farar ta gaji da yawo na fitar da ita. Da na leƙa..." Ta goge ido da bakin kallabi. "Hayaƙin nan. Da na leƙa na ga cikin ya fashe kamar yadda ka faɗa. Komai ya zubo, fari fat. Na rufe ta. Ban binne ba, na ce sai mai ita ya zo."

Nurtas ya miƙe. "Mu je in gani."

Ɗakin ajiya da duhu da sanyi, ga warin busasshen kifi da albasa. Akwatin yana kusurwa tsakanin buhun gari da kwalaben tumatir, lulluɓe da farin ƙyalle. Ya durƙusa, ya ɗaga gefe ɗaya kaɗan, ya kara fuska a jikin gilashi. Apa ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu a ƙirji, tana karanta abin da ya zo bakinta.

Ya daɗe. Sannan ya zaro tsinke daga tsintsiya, ya buɗe murfi, ya ɗan taɓa rairayin da ke saman ramin.

Tsiiit!

Apa ta yi tsalle ta bugi buhun gari. "Innalillahi! Gawa ta yi magana!"

"Gawa ta ce a bar ta ta huta," in ji Nurtas. Kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. "Ga ta nan ta ɗago baki tana wasa almakashi. Wallahi kamar ke in an taɓa kajinki."

"Tana da rai?"

"Ta fi ni."

"To wancan da ya zubo fa?"

"Zo ki gani da idon zura allura. Kayan ciki ne suke zama ƙulu-ƙulu, a jere, kamar duwatsun wuya? Ƙwai ne, Apa. Sun fi ɗari."

Ta matso ta leƙa. Ta ja baya. Ta sake leƙawa.

Shi kuwa murnar ta ɗan ragu a fuskarsa. Ya mayar da ƙyallen ya zauna a kan dugadugansa. "Sai dai ƙwan banza ne. Ba za su ƙyanƙyashe ba. Shekara guda tana hannuna ita kaɗai, ko inuwar namiji ba ta gani ba."

Apa ta yi gyaran murya. Ta gyara ɗaurin kallabi. Ta kalli rufin ɗaki kamar yau ta fara ganinsa.

"Wa ya ce maka?"

"Wa ya ce min me?"

"Ba ta ga namiji ba."

"Apa..."

"To me? Mace baliga, lafiyayya, kyakkyawa, tana zaune a gidana ita kaɗai tana zagaye akwati kamar wadda aka yi wa baki? Kwana uku da tafiyarka na ɗaga kwamin ruwan saniya da safe, sai ga wani a ƙasa. Siriri, duk ƙafa ba ciki, irin mutanen ubanka. Na kife shi da kwalba. Na dube shi na ce, kai ba ka da komai, amma da alama kana da kunya. Na sa musu albarka na zuba shi ciki."

"Kin ɗaura wa falangata aure."

"Wani ya kamata ya yi. Kai kana can kana kwas."

"Ba ki san za su iya kashe juna ba? Da shi ya fi ƙarfi fa?"

"Mai sunana? Haba."

"To ina angon?"

"Washegari na tarar da ƙafa biyu a bakin rami."

"Ta cinye shi!"

"Ta ba shi masauki. Ai ya riga ya gama abin da ya kawo shi."

Nurtas ya zauna daɓas a ƙasa ya jingina da buhun gari, yana dariya har da riƙe ciki, yana kuma toshe baki don kar ƙarar ta dami mai ramin. Apa ta tsaya a kansa, ƙirjinta ya buɗe a karon farko cikin kwana huɗu.

"Ka ga? Da na bi takardarka..."

"Da kin bi takardata da ba ki kusa kashe ta ba. Sa'a kika ci. Duk abincin nan da kika ɗura mata ƙwai ya tafi, shi ya sa ba ta fashe ba. Abu ɗaya tak kika yi daidai a mako ukun nan, shi ma ba da niyya ba."

"Wanne?"

"Likkafanin. Duhu da shiru take so, kin ba ta."

"Ka ji ɗan wasu. Na ciyar, na aurar, na karɓi haihuwa, wai abu ɗaya."

Ya share hawayen dariya. "Akwai wata magana dai. Yanzu ba za ta ƙara cin komai ba. Haka za ta kwanta a kansu tana gadi har su fito, mako uku ko huɗu. Bayan nan yawancinsu ba sa daɗewa."

"Mutuwa za ta yi?"

"Da ma ta kai iyakar girmanta, da wuya ta ga wata ƙanƙarar. Na sani, ban dai so in faɗa wa kaina ba. Da ba don ƙwan nan ba, haka za ta tafi, akwati ya zama wayam."

Apa ta dubi farin ƙyallen. Ta miƙa hannu ta gyara masa gefe ɗaya da ya karkace, a hankali, kamar mai gyara wa jariri mayafi.

"To faɗi mana," ta ce.

"In faɗi me?"

"Abin da ya tsaya maka a maƙogwaro."

"Na gode, Apa."

"Ban ji ba. Kunnen shekara ɗari da goma ne."

"Na ce na gode! Amma saurara. Ba zan iya ɗora ta a babur ba, girgiza ɗaya ramin zai rufta a kansu. Nan za ta zauna har su ƙyanƙyashe, in raba su, in mayar da yawancinsu rairayi. Kuma wannan karon doka uku ce, ba takarda, don kar ki hura wuta da ita. Ba a ɗaga ƙyalle sai in za a ba da ruwa. Ruwa cokali ɗaya a kusurwar can, nesa da ramin, Litinin da Juma'a. Abinci kuwa babu. Ko ƙafar sauro."

"Mai jego ba abinci? A ina aka taɓa yi? A ƙauyen nan mace ta haihu tunkiya ake kayar mata, ta sha romo har ta yi gumi!"

"Kayar da tunkiyar. Ni zan sha a madadinta."

"Kai ka haihu?"

"Ni ne waliyyi. Ina kwalbar farar?"

"Wace kwalba?"

"Wadda ke bayan buhun nan tana ƙas-ƙas tun da muka shigo."

Ta miƙa masa tana gunaguni. Ya fita da ita tsakar gida ya zazzage wa kaji, suka yi caa a kai. Suka koma rumfa. Apa ta ja samowar kusa da gwiwarta ta dafa shi.

"Maganar da na yi ɗazu ta samowar, zafi ne ya taɓa min kai."

"Na sani. Ni goron albishir kawai zan karɓa. Ni na gaya miki tana da rai."

"Kai za ka karɓa? Ni da na haɗa aure, ko alewa ba a ba ni ba! Kai ma ga ka nan, shekara ashirin da takwas, kana zagaye ɗaki kai kaɗai. Ka ga dai hannuna yana da albarka. Akwai wata malamar asibiti a ƙauyenku, doguwa, mai baki. Ka ba ni mako guda."

"A'a! Na ji abin da ya rage na wancan angon."

"Shi ya cika rawar kai."

Nurtas ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya. Ya jawo jakarsa ya zaro kallabi shuɗi mai furanni da ƙunshin ganyen shayi, ya ajiye a cinyarta. "Na sallama. Ga tsarabarki, ga ladan aure, ga kuma fansar ƙafafuna. Ki bar min su."

Apa Zibash ta warware kallabin ta ɗaga shi a rana, ta juya shi gaba da baya, ta ɗaura a kan tsohon.

"Kwantar da hankalinka," ta ce. "Ƙafa biyu ake bar wa ango. Kai da ma su gare ka, ba ka da asara."